Habu Soja da Ƙanwarsa Mai Gurasa

A gidanmu na unguwar Koki a Kano ba a hura wuta don hira. Wutar neman abinci muke raɓa. Kakata wadda ta haifi Babanmu, Iya muke ce mata, gurasa take yi, tanderunta kuma yana kusurwar tsakar gida, jikin katangar da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin tun kafin a haife ni. Masu tsiren bakin titi su ne manyan masu sayenta, don haka gashin yamma ya fi na safe yawa. Kafin a kira magariba an kwashe na sayarwa. Ragowar kwaɓin na gida ne, shi take gasawa a tsanake bayan an idar da salla, mu kuwa jikoki mu zagaye ta, kowa da ɗan kwanonsa, muna jiran gurasa da tatsuniya.

Iya gajeruwa ce, mai saurin hannu da saurin fushi. Ta ɗebo kwaɓi, ta faɗaɗa shi a tafi, ta zura hannu cikin tanderu ta manna, ta zaro hannun kamar daga randa ta zaro shi. Ba ta iya ba da labari a zaune ba. Tana yi tana kai da kawo, ta tura kara, ta leƙa, ta ciro wadda ta nuna, saboda haka labarinta a gutsuttsure yake zuwa. Kura za ta buɗe baki, sai Iya ta sunkuya bakin tanderu, mu da kurar duk mu yi ta jira baki buɗe.

Ni ce Hindatu, ta huɗu a ɗakinmu. A lokacin ban wuce shekara goma sha ɗaya ba, kuma Allah ya yi ni da tambayar tsiya. Iya ta laƙaba mini Alƙaliya, wai ko akuya kura ta ci a tatsuniya sai na ce a kawo shaidu.

Shekarar da nake son ba da labarinta, bazara ta yi tsawo. Kullum hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, sai ya watse ya bar mu da gumi. Kowa a gidan haushin kowa yake ji. Babban wanmu Munzali ya gama sakandare, Baba ya ajiye shi a shagonsa na atamfa, shi kuwa zaman shago ya zame masa azaba. Da asuba ya fita gudu, ya hau dutsen Dala ya sauko, ya sake hawa, ya dawo sharkaf yana huci. In ya zauna cin abinci ƙafarsa ba ta daina rawa. Rannan sai ga shi da takarda a aljihu: an ɗauke shi soja, ana nemansa a Zariya nan da sati uku.

Baba, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya son a ce shi ya yanke magana. Ya juya takardar gaba da baya, sannan ya ce, “Ni ba ni da ta cewa. Je ka wurin Iya. In ta sa maka albarka, Allah ya kiyaye hanya. Amma ɗana ba zai bar gidan nan uwata ba ta sallame shi ba.”

Wanda bai tashi a cikin birni ba zai ɗauka wannan ƙaramar magana ce. A wurinmu ko Wudil mutum zai je ya kwana biyu, sai ya bi ɗaki-ɗaki ya durƙusa, a yafi juna, a ce masa Allah ya tsare. Ɗan gidan mutunci ba ya tafiya ba sallama. Iya ta san haka sarai, ta kuma san abin da Baba ya danƙa mata. Da Munzali ya je mata da maganar ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, “Maigida, in an yi magariba ka zo bakin tanderu, ina da labari.” Maigida take ce masa, irin wasan nan na kaka da jika.

Rabon Munzali da zaman tatsuniya tun yana firamare, amma ranar ya zo ya zauna a kujera 'yar tsugunno, gwiwoyinsa har kusa da haɓa. Ƙannena suka buɗe baki za su yi amshin da aka saba, Iya ta ɗaga hannu.

“Ku riƙe amshinku. Wannan ba sai an kira ta ba, ta daɗe da zuwa. A gidanmu ma ta kwana.”

Wai akwai wani yaro a unguwar Soron Ɗinki, sunansa Habu, ɗan wani mai ɗinkin manyan riguna. Samarin gidan sukan jeru a soro tun hantsi har la'asar, kai a sunkuye, allura na shiga tana fita. Habu ya fi kowa hannu, in ji Iya, ya kuma fi kowa ƙaiƙayin ɗuwawu. Aikin da wani zai yi sati a kansa, shi kwana uku ya gama, don kawai ya samu ya miƙe. Ana nan sai Turawa suka haɗa yaƙinsu, wanda mutanen Kano ke ce wa yaƙin Bama, aka ce kowace unguwa ta ba da samari. Aka nuna wani wan Habu mai ciwon ƙirji, sai Habu ya ce shi zai je a madadinsa. Mutane suka yi ta yaba zumuncinsa, amma Iya ta ce gaskiyar magana ko ba a nema ba da ya kai kansa. Ya soke allurarsa a bakin hula, ya bi ɗaki-ɗaki ya yi sallama. Har ƙanwarsa, wadda ba ta wuce sa'ata ba, sai da ya nemo ta a maƙwabta ya ce ta yafe shi.

Ranar farko mun ɗauka tatsuniya ce. A ta biyu bakinta ya suɓuce ta ce “Yaya Habu”. Na ce, “Iya, wanki ne?” Ta ce, “Miƙo mini kara.” Daga nan muka san ƙanwar nan ita ce.

Jirgin ƙasa ya kai su Ikko, jirgin ruwa ya ɗauke su, suka yi ta tafiya a ruwan da ba shi da gaɓa har Habu ya daina ƙirga kwana. Da suka isa ba bindiga aka ba shi ba, gammo aka ba shi. Shi da ire-irensa su ne jakan yaƙin, su ɗauki akwatin harsashi, su ɗauki abinci, su ɗauki wanda aka harba. Dajin kuma ba irin namu ba ne da za ka hango mutum tun daga nesa. Sama a rufe, ƙasa taɓo, ruwa ba ya ɗaukewa, matsattsaku su maƙale wa mutum a ƙafa sai an ɗana musu wutar taba. Shugabansu wani ɗan Bature ne da gemu bai gama fito masa ba, wanda in ya yi tari sai kowa ya ƙame.

Wata rana aka yi musu kwanton ɓauna a bakin wani kogi. Sajensu ya mutu nan take. Ɗan Baturen cinyarsa ta tsage, taswirarsa ta jiƙe ta dagargaje, ya kwanta cikin taɓo yana kuka yana kiran uwarsa. A nan Iya takan dakata ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, don a zamaninsu ba wanda ya taɓa tunanin Bature yana da uwa. Habu ya zaro allurarsa daga hula, ya warware zare daga lemar da jirgin sama ke jefo musu abinci da ita, ya sa mutum biyu suka danne Baturen, ya ɗinke shi. Sannan ya ce wa sauran su biyo shi. Ashe tun shigarsu dajin yake haddace hanya yadda ake haddace zanen riga, lanƙwasa kaza dama, kaza hagu, nan a tsallake, nan a koma. Babu wanda ya naɗa shi. Ya raba ɗan abincin da ya rage, ya ci a ƙarshe, ya sa ana karɓa-karɓa wajen ɗaukar Baturen, har ya fito da su.

“Da bakinsa ya faɗa mini,” in ji Iya, hannunta cikin tanderu. “Ya ce, ‘Kulu, na sa allura a naman Bature. Wallahi yadda take shiga namu haka take shiga nasu. Tun ranar nake neman dalilin da zai sa in sunkuyar da kai, ban samu ba.’” Kulu shi ne sunanta, kuma ranar na fara jin an furta shi a gidan.

Aka maƙala wa Baturen lambar yabo a ƙirji. Habu aka ba shi igiya biyu a hannun riga, aka ce ya koma bayan tanti inda baƙar fata ke cin abinci. A hanyar dawowa suka yada zango a Indiya, ya ga mutane sun cika titi maƙil, ba mai ko sanda, suna ce wa Turawa su tattara su tafi. Ya ce a ransa, ashe ana faɗa musu, duniya kuma ba ta tashi.

Ya dawo Kano, aka yanka rago, aka mayar da shi gurbinsa a soro. Sati ɗaya ya yi. Sai a wayi gari a gan shi a kan badala, wato ganuwar birni, yana tafiya shi kaɗai daga wannan ƙofa zuwa waccan, da takalmin sojansa. Daga baya ya fara tara samari a gindin Dala, 'yan dako da marina da majema, yana koya musu jeruwa, da yadda ake watsewa a sake haɗuwa da fito ɗaya, da yadda ake goyon wanda ya ji rauni. Da siyasar talakawa ta taso, yaransa ne ke gadin taro. Wata rana wani babban mutum ya zo wucewa da jama'arsa, kowa ya tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa, Habu ya tsaya ƙyam da takalminsa ya sara masa. Da aka kama shi ya ce shi bai yi rashin kunya ba, inda aka kai shi haka aka koya masa gaida manya, a tsaye. Aka tsula masa bulala a bainar jama'a, aka kai shi gidan yari.

Bayan fitowarsa wasu baƙi suka sauka a wurinsa daga ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransa ke riƙe da ita. Su ma sun sa kaki sun yi wa nasu Turawan yaƙi. Suka ce sun gama na wasu, saura nasu, kuma suna neman wanda ya san yadda ake tafiya da mutane a daji. Habu ya bi su. Shekaru sai labari ke zuwa a bakin fataken shanu da masu kanwa: wai Kwamanda ake ce masa, wai ya hau duwatsu da mutanensa sun hana sojan Faransa barci, wai har yanzu shi ke ci a ƙarshe, in rigar yaronsa ta yage kuma shi ke zama ya ɗinke. Daga nan labarin ya ɗauke ɗif. Babu gawa, babu kabari, babu wanda ya zo ya ce ga ranar da za a yi masa sadaka.

“To ka ji, maigida,” Iya ta ce tana nuna Munzali da kara. “Kaki ba riga ba ce, ciwo ne. In ya shiga jikin mutum sai ya cinye masa zama. Ka koma shagon ubanka ka auna yadi, ka tsufa a inda za mu san kabarinka. Iyakar abin da na sani ke nan. Ku tashi, an kusa kiran isha'i.”

Nufinta ta tsorata shi, amma Iya ba ta iya ƙarya da murya ba. In ta zo wurin matsattsaku da bulala sai ta bi da sauri, in ta zo wurin da Habu ya ce a biyo shi sai ta miƙe, muryarta ta cika tsakar gida har Ummanmu ta leƙo daga ɗaki. Ni ina kallon Munzali. Kullum sai ya dawo da sabuwar tambaya, su nawa suka fito daga dajin, wane irin fito yake yi musu. Ita kuma ta amsa, ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba, sai can ta farga ta ja tsaki. A satin nan biyu Iya ta ƙona gurasar da ba ta ƙonawa a shekara.

Ni tawa tambayar ɗaya ce. Mutumin da ya nemo ƙanwarsa har maƙwabta a tafiyar farko, ya aka yi a ta biyu labarin ya ce kawai ya bi su? Duk ranar da na tambaya sai a ce in miƙo kara, ko da kara na gabanta tuli.

Saura kwana uku Munzali ya gaji, ya durƙusa a gabanta ya ce, “Iya, don Allah ki sallame ni.”

“Ban sallame ka ba,” ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. “Kuma ba zan sallame ka ba. Mu ga ta inda za ka bi.”

Ya tashi ya fita, bai sake zuwa bakin tanderu ba. Gidan ya zama ba daɗi. Umma tana tankaɗe tana share hawaye da gefen zane, Baba ya mayar da masallaci gida, Munzali yana ɗakinsa muna jin sa yana buɗe jaka yana rufewa. Ana gobe tafiyar, ƙannena suka karɓi gurasarsu suka gudu, don fuskar Iya ba ta tatsuniya ba ce. Ni na zauna. Tsoronta nake ji, amma tambayar ta fi tsoron cina.

“Iya, da zai tafi na biyun, bai zo ya yi miki sallama ba?”

Na miƙa hannu zan ɗauko karan tun kafin a ce. Sai na ji ta ce, “Ya zo.”

Ta jawo 'yar tsugunno ta zauna. Ban taɓa ganin ta zauna wuta na ci a tanderu ba.

“Ina gidan nan, ina goyon ubanku. Iyayenmu sun rasu, mu biyu ne kuma a ɗakin uwarmu, ni kaɗai na rage masa da zai nema. Bayan la'asar aka ce ga Yaya Habu a soro, ya zo sallama. Soron nan dai da kuke wasa a ciki. Na ce a raina, mutumin nan bai taɓa tafiya ba sallama ba. In na ƙi fita dole ya kwana a Kano, gobe abokan tafiyar sun wuce, shi ke nan na tsare shi. Ni a ganina dabara na yi. Na ce a ce masa ina wanka. Ya sake aikowa, na ce a ce ina salla. Ina daga ɗaki ina jin takalminsa, daga wannan bango zuwa wancan, daga wancan zuwa wannan, har rana ta yi ja. Da aka fara kiran magariba sai ya ɗaga murya ya ce, ‘Kulu, na yafe miki. Ke ma ki yafe ni, ko daga nan ne.’ Na sa hannu biyu na toshe bakina don kada ya suɓuce. Sai na ji takun ya tsaya. Wallahi murna na yi, na ce ya gaji ya zauna. Na idar da salla na leƙa, soro wayam.”

Gurasa biyu na ƙonewa a tanderu, ba wadda ta motsa a cikinmu. Da ina da hankali da na yi shiru.

“To Iya, ai kin ga bai hana shi tafiya ba.”

Ta ɗaka mini duka a baya da hannunta mai fulawa, irin wanda ake ji har ƙirji. “Tashi ki ba ni wuri, Alƙaliyar banza!” Na tafi ɗaki ina kuka, Umma tana tambayata me na yi, na juya mata baya.

Da safe Munzali ya fito da jakarsa. Ya riga ya yanke zai tafi, da albarka ko babu, kuma kana ganin fuskarsa ka san bai runtsa ba. Baba tun asuba bai dawo daga masallaci ba, amsarsa ke nan. Munzali ya bi ɗaki-ɗaki, Umma ta yi masa addu'a tana shessheƙa, sannan ya zo ƙofar Iya. A rufe take. Ya durƙusa.

“Iya, zan tafi. Ki yafe ni.”

Daga ciki ba abin da muke ji sai bugun kwaɓi a baho, tim, tim. Ya sake faɗa. Ya yi ta jira har rana ta sauko rabin katanga, ga mota ba ta jiran kowa a tasha. Can ya miƙe ya ce, “To, na bar ki lafiya,” ya saɓa jaka ya fita. Na bi shi har soro na tsaya. A safiyar nan na tsani Iya, tsana ta gaske, irin wadda yaro ke yi da duk jikinsa. Na ce a raina tsohuwar nan ba ta da imani. Ta san abin da ke biyo baya, da bakinta ta faɗa mini jiya, ta kuma sake.

Sai na ji ƙofa ta bugu. Kafin in juya Iya ta wuce ni fuu, ba mayafi, ba takalmi, kwaɓi har gwiwar hannu. Matar da ko soro ba ta leƙawa sai ta yafa. Na rufa mata baya. Ta bi lungu da gudun tsofaffi, rabi gudu rabi faɗuwa, tana tsallake kwata, mata na leƙowa suna “Iya lafiya? Iya lafiya?” A bakin lungu, daf da teburin mai shayi, ta cim masa ta cafki rigarsa ta baya.

Ya juyo zai durƙusa, ta fizgo shi. “Tsaya a tsaye in gan ka.” Ta kalle shi, ta kalle shi, tana haki. Sannan ta jawo kansa ƙasa ta faɗa masa wata magana a kunne, shi ma ya ce wani abu, ban ji ko ɗaya ba. Ta sake shi, ta ɗaga murya yadda duk masu shan shayi za su ji: “Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya tsare gabanka da bayanka. Je ka, kada mota ta tashi.” Ya tafi da shatin hannunta fari a bayan riga. Ta juyo ta gan ni, ta ce, “Ke kuma uban me kike kallo? Ba ni ɗankwalinki, kin bar ni tsirara a titi.”

Daga ranar ba ta sake ba da labarin Habu ba. Muka koma wa kura da dila, tana yi tana manta inda ta tsaya. Daminar shekarar da ta biyo baya ta yi ciwon kwana huɗu ta rasu, Munzali yana can wani bariki mai nisa, sai bayan sadakar bakwai ya iso. Kallon bakin lungun nan shi ne na ƙarshe. Shi kuwa bai zama Kwamandan kowa ba. Ya yi shekarunsa a kaki, ya je inda aka tura shi, Allah ya dawo da shi, yanzu ga shi can da tumbi yana kiwon kaji yana ƙorafin gwiwa.

Ni ce labarin ya ƙi saki. Na girma na zama malamar makaranta, na bi tsofaffin Soron Ɗinki da tambaya, na buɗe littattafai, daga baya na yi ta lalube a waya, ban sami Habu ko'ina ba. Wani tsoho ya ce ya tuna wani mahaukacin soja mai yawo a kan badala. Wani ya ce ai namiji ne, shi ya fara nuna musu ana iya tsayawa. Wataƙila fatake sun ƙara gishiri, wataƙila ma ragewa suka yi. Na daɗe ina ɗauka darasin ɗaya ne: Turawa sun ɗebi yaro don ya yi musu dako, ba su san makaranta suka kai shi ba. Haka nake faɗa wa ɗalibaina, kuma har gobe ban janye ba. Sai da na haifi nawa suka fara fita, sannan na lura duk labaran irin su Habu a kan mai tafiya ake ba da su. Wadda aka bari a ɗaki da hannu biyu a baki ba mai tambayarta yadda ta kwana. Na kuma gane abin da na kira rashin imani so ne da tsoro, kuma ni ma na sha kai hannu ga ƙofa zan rufe.

Bara aka yi suna a gidan namu na Koki. Ni da Munzali muka guje wa hayaniya muka zauna a soro, sai na tuna akwai abin da ban taɓa tambayarsa ba.

“Yaya, ranar da za ka tafi, me Iya ta ce maka a kunne?”

Ya yi dariya, ya shafa furfurarsa. “Ke dai ba kya mantuwa. Ai ina jin tsufa ne ya fara taɓa ta. Cewa ta yi, ‘Yaya, ga ni na fito. Yi haƙuri, na daɗe.’ Ni jikanta take ce wa Yaya.”

Sai a lokacin na tuna bai san komai game da yammacin da Habu ya jira ta a soro ba. Ni kaɗai ta faɗa wa, ni kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce, “Kai kuma me ka ce mata?”

“Me zan ce? Na ga tsohuwa tana haki. Na ce, ‘Ba komai, ai ban yi nisa ba.’”

Ya ci gaba da zancen tsadar abincin kaji. Ni kuwa na juya fuskata jikin bango, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita.